Azumin da Aka Ƙwace wa Baffa Ɗanjuma

Azumin bana ya zo mana da sauran sanyi. Jiya da la'asar na tsoma hannu cikin randa zan ɗebi ruwan alwala, na ji ya kama mini yatsu. Hauwa matata tana tuyar kisra, wainar dawa mai faɗi irin ta nan, a gefe, ta ce, "Wannan ai ba azumi ba ne, hutu ne. Ka tuna na shekarar korona?" Na tuna. Yaƙin da ya biyo baya a ƙasar nan ya danne wa mutane da yawa wannan shekara, amma ni tana nan a raina. Malamarmu ta ajin manya ta ce kowa ya rubuta wani lokaci da ya gani da idonsa, shi ne na ɗauki wannan.

Shekarar ita ce wadda aka rufe masallatai, aka hana motoci fita daga wilaya zuwa wilaya, wato jiha zuwa jiha, wata huɗu kafin kogin Nilu ya cika ya ci gidajen bakin ruwa. Azumi ya kama a tsakiyar bazara. Ƙauyenmu yana bayan garin Hajj Abdalla, a tsakiyar gonaki, ba dutse ba babbar bishiya, saboda haka rana tana samunmu a sarari. Kafin hantsi ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Kaji suna shigewa ƙarƙashin gado, baki a buɗe. Ruwan tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, ya ja baya har ya yi kore, yana warin laka. Wuta tana zuwa sa'a biyu ta ɗauke. Burodi ya yi wuya, muka koma dawa gaba ɗaya. Da azahar Hauwa kan jiƙa tsofaffin zannuwa mu lulluɓa, kafin mutum ya juya sun bushe.

Tsofaffi biyu ne a gidanmu. Na farko Baba, mahaifina, mai hawasha, gonar da ya gada a wajen ubansa. Na biyu Baffa Ɗanjuma, ladanin ƙauye, wanda ya dawo cin tuwo a gidanmu tun da matarsa ta rasu. Su biyun taubasai ne. Uban Baba da uwar Baffa ciki ɗaya suka fito, don haka Baba ne ɗan namiji, Baffa ɗan mace. Kakanninmu sun bar abubuwa da yawa a hanyar Makka kafin su zauna a nan, amma wasan taubasai ba su bar shi ba. A wajenmu taubashi yana da ikon ƙwace abin da ya gani a hannun ɗan'uwansa, kuma wanda aka ƙwace wa ba ya fushi, ba ya kai ƙara, ba abin kunya ba ne gare shi. Tun ina yaro nake ganin Baba yana cire wa Baffa hula a tsakiyar kasuwa. Baffa kuma ya taɓa tafiya da jakin Baba har kwana uku. Akushi ɗaya suke ci, ba su taɓa gama cin abinci ba tare da zagin juna ba.

Ran biyu ga azumi aka kawo gawar wani ɗan garinmu da ke aiki a Khartoum. An ce kada a taru, amma wa zai bar gawa ba wanka? Baba da Baffa ne suka wanke shi, kamar yadda suka saba. Ko daga nan ne ciwon ya zo, ko tun kafin nan yana yawo a cikinmu, ban sani ba. Washegari dai da yamma su biyun suka kwanta, zazzaɓi ya rufe su.

Hakim Usman, ma'aikacin ɗan asibitin ƙauye, ya zo ya duba su daga bakin ƙofa. Ya ce su ajiye azumi, suka ajiye ba gardama. Ya buga waya babban asibitin birnin Madani. Bayan kwana biyu wata mota ta zo da mutane cikin fararen kaya, ba a ganin ko idonsu sosai. Suka tura wa kowane tsoho dogon tsinke a hanci. Baba ya yi atishawa har hawaye. Baffa ya ce masa, "Ragon banza. Ɗan tsinke kawai ka ke wa kuka?" Da aka zo kansa shi ma ya kama salati da ƙarfi, Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Kwana huɗu muka jira. A cikinsu na lura ciwon nasu ba iri ɗaya ba ne, ko da yake rana ɗaya ya kama su. Baba gaɓoɓinsa ne ke ciwo, da busasshen tari, kuma hancinsa ya mutu murus. Hauwa ta jiƙa hilu-mur, abin shan azumin nan mai citta da kanumfari wanda ake jin ƙanshinsa daga gida uku, ta kai masa har ƙarƙashin hanci. Ya ce ruwa ne mai launi. Ya ɗanɗana gishiri ya ce yashi ne. Baffa kuwa hancinsa ras. Yana kwance zai gaya maka wane gida ake soya albasa. Nasa a ƙirji yake. In ya tashi zuwa bayan gida sai ya dafa bango ya tsaya yana haki, kamar wanda ya ɗauko buhu.

Ran tara ga wata Hakim ya zo da takardu biyu. A lokacin ban iya karatu ba, shi ya karanta. Ya ce Baba mujab ne, wato an ga ciwon a jikinsa. Baffa salib, ba a gani ba.

Baffa ya tashi zaune. "Kun jiya? Salib! Ni na san jinina ba irin na wannan ba ne."

Baba ya ce, "Ciwon ma ya duba ya ga ba abin ci a jikinka, ɗan mace."

A ranar muka kai Baba gona. A bakin hawasharmu akwai rumfar kara da muke hutawa, na ƙara mata zana, na kai gadon igiya da randa da buta. Tsakanin rumfar da hanya akwai ƙaramar hanyar ruwa da ta bushe, faɗinta bai fi taki biyu ba. Ita ta zama iyaka. Ni kaɗai nake tsallaka ta, da ƙyalle a baki. Safe in kai kunu, rana in cika randa, yamma in kai asida, tuwonmu na nan, da miyar kuɓewa. Ba ya jin ɗanɗano amma yana ci, domin Hakim ya ce ya ci. Yana sha, yana kwance a inuwa, iska tana ratsa karan. Mata suna aiko masa da lemun tsami da garin bagaruwa na turara ƙirji. Duk tausayin ƙauye ya koma kan Baba.

Baffa kuwa kowa ya yi masa barka. A gaskiya har ni. Na ce alhamdu lillahi, ɗaya ya fita. Washegari da asuba sai na ji muryarsa a kan masallaci, yana kiran salla yana ƙarawa da cewa a yi ta a gida. Da na kai masa kunu da hantsi ya ture kwanon.

"Azumi ni kai."

"Baffa, jikinka fa da zafi."

"Zafin gari ne. Takarda ta ce lafiyata lau."

Nan ne muka yi kuskure, mu duka, ba shi kaɗai ba. Mun ɗauki takardar nan kamar hukuncin alƙali. Wanda aka ce mujab shi ne marar lafiya, shi Allah ya sauƙaƙa wa azumi. Wanda aka ce salib lafiyayye ne, kuma lafiyayye ba ya shan ruwa da rana a watan Ramadan. Balle ladan, wanda mutane suke jiran muryarsa kafin su kai dabino baki. Balle wanda ya bi gida gida yana nuna takardarsa.

Kwana huɗu ya yi haka. Leɓɓansa suka tsage. Ran goma sha biyu ya tsaya a tsakiyar kiran sallar la'asar, aka ji shiru mai tsawo, sannan ya ƙarasa da ƙyar. Hauwa ta ajiye muciya ta dube ni. Na tafi wajen Hakim.

Na same shi yana wanke hannu a bakin asibiti. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ya Haruna, tsinken nan hanci kawai ya shiga. Bai shiga ƙirji ba. Waɗanda nake gani mujab, da yawansu kamar babanka suke, hanci ya mutu, jiki ya yi ciwo, sai su tashi. Salib kuwa ba suna ba ne na lafiya. Wani zazzaɓin sauro ne, wani ciwon huhu ne, wani zuciya ce. Wani kuma koronar ce ta sauka ƙasa, tsinke bai same ta ba. Ni numfashin mutum nake dubawa, ba takarda ba. Numfashin baffanka bai yi mini ba. Ya sha ruwa, ya sha magani sau uku a rana, kuma a kai shi Madani."

Na kai wa Baffa wannan magana yadda aka ba ni. Ya ce Hakim da bakinsa ya karanta salib, yanzu kuma zai lashe? Na kawo liman. Liman ya tsuguna a gabansa ya karanta masa ayar marar lafiya da matafiyi. Baffa ya bari ya gama, sannan ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana. Ni na riƙe ragon sunanka aka yanka. Ayar na san ta. Amma ka gaya mini, da wane ido zan ɗaga kofi da rana, gari duk sun san an wanke ni?" Liman ya fita yana girgiza kai.

Ni mutum ne da ba na ɗaga murya. Na zauna kusa da shi har magariba, ina yi masa fifita, ina lallashi. Da ya sha ruwa sai ya ɗan farfaɗo, ya ce, "Ka gani? Ƙishirwa ce kawai." Da gari ya waye ya sake ɗauka.

Ana cikin haka albasar Baba ta nuna, ganyenta ya kwanta. In ba a cire ba rana za ta dafa ta a ƙasa. Muka kira gayya ran goma sha huɗu, wadda maƙwabtanmu Larabawa suke ce wa nafir. Mutum wajen ashirin suka fito tun duhun asuba don a gama kafin rana ta yi ƙarfi, kowa da ƙyalle a baki, kowa da kunyarsa ta gona nesa da ɗan'uwansa. Gayyar azumi ba waƙa, ba shayi. Ƙarar magirbi kawai kake ji da warin albasa mai sa hawaye. Na ce wa Baffa ya zauna a gida. Rana ta ɗaga sai ga shi a kan keken jaki, ya zo wai ya tsaya a madadin mai gona, domin ba a gayya ba dattijo. Ya sauko, ya yi taki biyar, ya durƙusa a bakin busasshiyar hanyar ruwan nan, daidai gaban rumfar Baba.

Ban gaya wa Baba komai ba a kwanakin nan, don kada hankalinsa ya tashi. Yanzu ya gani da idonsa. Ya fito daga rumfa yana dogara sanda. Ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce, "Kai, mi ya samu wannan?"

Na ce, "Azumi yake, Baba. Yau kwana biyar."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Baffa yana so ya yi magana, numfashi ya hana shi. Mutane suka ajiye magirbi suka matso, amma ba wanda ya kusanci rumfar.

Baba ya ce, "Ɗanjuma."

"Koma... inuwa... mai ciwo."

"Wa ya ba ka izinin azumi?"

"Takarda."

"Takarda ce ubangijinka ko ni? Uwarka a gidanmu aka ɗauke ta." Ya juya wajen mutane, ya ɗaga murya iyakar abin da tarinsa ya bari. "Jama'a, ku shaida. Shekara sittin ina ƙwace abin wannan mutum. Na ƙwace mashi hula, na ƙwace mashi takalmi, ranar aurensa na ƙwace mashi rawani ya shiga da kai tsirara. Ya taɓa kai ni ƙara?"

Wani daga baya ya ce, "Bai taɓa ba!"

"To yau azuminsa na gani, ya yi mini kyau, ni kuma ba ni da nawa. Na ƙwace. Na yau da na gobe da na sauran wata, duk nawa ne. Ba shi ya karya ba, ƙwace aka yi."

Wasu suka fara dariya. Baffa ya ɗaga kai. "Ba a... ƙwace... azumi."

"Jaki ma ba a ƙwacewa, ka tafi da nawa kwana uku. Kai, cika mini kofin nan."

Na ɗebo ruwa a tulun da aka kawo don masu zuba wa kai, ba a randar Baba ba. Baba ya sa ƙafa ɗaya cikin hanyar ruwan. Mutane suka ja da baya kamar an saki maciji.

Ya ce, "Ka sha, ko in tsallako da koronata in ɗura maka da hannuna. Ka san zan aikata."

Liman yana cikin masu gayya, hannunsa duk ƙasa. Baffa ya neme shi da ido. Liman ya ce, "Baffa, ni ayar da na karanta maka ita ce hujjata, kuma ta isa. Amma tsakanin taubasai ba na shiga. Wanda aka yi wa ƙwace ba shi da laifi."

Aka sake dariya, wannan karon har da tsofaffi. Na ga kafaɗun Baffa sun sauka. Ya miƙo hannu, na riƙe masa gindin kofin. Ya yi bisimilla ya sha. Ina jin ruwan yana wucewa a maƙogwaronsa. Ya shanye, ya miƙo a ƙara. Da ya sauke na biyun ya dubi Baba ya ce, "Ɓarawo. Allah ya isa."

Baba ya ce, "Amin. A ɗauke mini shi daga gona, yana ɓata mini albasa." Ya juya ya shige rumfa. Da na leƙa daga baya na tarar da shi zaune a bakin gado yana share ido da hannun riga. Ya ce albasa ce. Ban tuna masa cewa iska ba ta kawo warin albasar wajen rumfar ba.

A ranar muka nemi raksha, keken nan mai ƙafa uku, Hakim ya rubuta takardar da za ta wuce da mu shingen hanya, muka kai Baffa Madani. Garin ya yi tsit, shaguna a rufe, sai layin motoci a gidan mai. Mun zaga kafin a karɓe mu. Wata likita ta maƙala masa wani ɗan abu a yatsa, ta duba, sai ta kira a kawo gado da sauri. Na nuna mata takardar salib. Ta karanta ta mayar mini. Ta ce hoton ƙirjinsa ya yi kama da na mutanen da ke ɗakin mujab, kuma za su kula da shi kamar su. Na tambaya ko za a sake sa masa tsinke. Ta ce kayan sun ƙare, in sun zo. Ba su zo ba har muka bar wurin.

Kwana goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashin wata dalbejiya a harabar asibiti, tare da wasu masu jinya. Ba a barin mu shiga. Tukunyar iskar numfashi ɗaya Baffa yake rabawa da wasu marasa lafiya biyu. Da magariba mutanen unguwa sukan kawo mana balila, wato dafaffen wake, da ruwan sanyi, su ajiye daga nesa su koma. Hauwa da ƙanena suka karɓi kai wa Baba abinci. Kullum da yamma sai ya sa a buga mini waya, ba ya tambayar jikin Baffa kai tsaye, sai ya ce, "Ɗan macen nan bai mutu ba? To a gaya mashi azuminsa na nan a wajena, ina ta amfani da shi." Wata ma'aikaciya mai kirki take kai saƙon ciki, ta dawo da amsa tana dariya. Amsar ba ta rubutuwa.

Muka dawo ana saura kwana biyar salla. Baba ya riga ya koma gida, ya rame amma yana tafiya da ƙafarsa. Baffa sai da aka riƙe shi ya sauko daga raksha. Aka shimfiɗa musu tabarma ɗaya a zaure. Har yau ba wanda ya san sunan ciwon da ya kama Baffa. Shi yana cewa salib ne shi, yana da takarda. Baba yana cewa takardar ma tsoron warin bakinsa ta ji.

Ga abin da shekarar ta ci mana. Albasa kashi biyu cikin uku ta ruɓe a rumfa, domin ba motar da za ta kai ta kasuwa. Baba ya sha azumi goma sha tara, Baffa ashirin da huɗu, suka rama tare bayan sanyi ya shigo. Hancin Baba rabi ne ya dawo. Baffa bai ƙara iya ja wa kiran salla numfashi ba, ya bar wa wani. A ƙauyen mun binne dattijai huɗu tsakanin farkon azumi da babbar salla. Ɗaya ne aka ce mujab, ɗaya salib, biyu ba a taɓa gwada su ba. Baffa Ɗanjuma ba ya cikinsu.